Bafulatanar da Ta Buɗe Mana Taga

Duk wanda ya saba fita da sassafe a unguwar Adarawo ya san farar motar nan tsohuwa, wadda ƙofarta ta baya ba ta buɗuwa sai ta waje. Motar Dakta Raliya Jibrilla ce. Tana idar da sallar asuba za ta sha kunu a tsaye, ta rataya jaka, direbanta Absalom ya ja su bar cikin Yola su nufo Jimeta. Ba ofis take fara zuwa ba, lungu take shiga. Ta yi sallama, ta cire takalmi, ta zauna a tabarma kamar wadda ta zo barka, ta ce a miƙo mata yaro. Sai ta ɗaga masa riga ta zuba wa ƙirjinsa ido, agogo a hannu, leɓɓanta suna motsi. Numfashi take ƙirgawa. In ta gama sai tambaya: mutum nawa ke kwana a ɗakin nan, ina ake girki, da me ake yinsa, wa ya fara tari a gidan? Rana ta take ta koma asibiti ta ga marasa lafiya. Bayan la'asar ta zauna ta rubuta abin da idonta ya gani. Haka take tun kafin in san ta, haka take har kwanakin baya da aka ce ta ajiye aiki.

Ni mai ba ku labarin nan sunana Aji. Ana ce mini Ba Aji Mai Turare, in kun shiga kasuwar Jimeta ku tambayi ko mai tura baro zai nuna muku rumfata, in bai nuna ba hancinku zai kawo ku. Ban yi boko ba, ko na wuni ɗaya, kuma bai rage ni da komai ba. Ina faɗa ne, Malam Nu'uman yana rubutawa. Malamin jami'a ne, a Sangere yake zaune, matarsa ba ta kunna turaren kowa sai nawa. Na gargaɗe shi kada ya rage mini magana, kada kuma ya ƙara mini tasa.

A Bama aka haife ni. Ranar da yaran daji masu bindiga suka shigo garin na fita da ƙafa, na haura sittin a lokacin, ina gaba samari suna bayana suna haki. Na sauka Mubi, ban gama sanin hanyar masallaci ba aka shigo Mubi. Na sake fita. Harsashi ya shiga babbar rigata ta nan ya fita ta can bai taɓa fatata ba. Rigar tana nan a adaka, mai musu ya zo ya sa yatsa. Na ci ganyen da akuya ta ƙi, na sha ruwan da jaki ya juya wa baya, ko zawo ban yi ba. Har yau ban taɓa kwana a gadon asibiti ba. Saboda haka in na ce muku mutum jarumi ne, ku yarda, na san abin da nake auna shi da shi.

Abu ɗaya hanyar ta karɓe mini wanda ƙarfina bai hana ba: ɗana Ridwan. Shi kaɗai Allah ya ba ni namiji. Ba zan faɗi yadda aka yi ba, Malam Nu'uman ma ya tambaya na ce ya ci gaba da rubutu. Ridwan ya bar matarsa Zuhra da tsohon ciki. Da ita da matata Kellumi muka tsallako gada muka shigo Jimeta.

Wani mutumin Borno, Alhaji Modu, Allah ya saka masa, ya ba mu wuri a gidansa na unguwar Gwadabawa. Mu maza muna zaure, mata da yaran iyali uku suna ɗaki ɗaya. A ɗakin nan Zuhra ta haihu, cikin sanyi, aka samu mace. Muka sa mata Zara. Kafin suna na san goshin nan, na san yatsun ƙafar nan. Ridwan ne ya dawo mini a cikin zani. In yarinyar nan ta tafi, to ba abin da ya rage nasa a bayan ƙasa.

Wanda ba Babarbare ba sai na yi masa bayani. A wajenmu mai jego ba ta zama a ɗaki babu ƙamshi. Kasko ba ya mutuwa har a yi arba'in. Mai zuwa barka tun daga ƙofar gida take sanin ko 'yar mutunci ce ta haihu. Ni kuwa abin da na fito da shi daga Mubi kwalba ɗaya ce a ɗaure a ƙuguna, haɗin hannuna, itacen da ya shekara yana shan turare. Yunwa ba ta sa na sayar ba. Na miƙa wa Kellumi na ce, 'yar Ridwan ba za ta shigo duniya da warin gudu ba. A Bama kuwa ɗakin Kellumi doki zai juya a ciki, rufi can sama, mutum biyu ke kwana. A Gwadabawa ɗaki ƙanƙane, kwano a kan kai, taga ɗaya, ita ma Kellumi ta toshe ta da tsumma da kwali saboda sanyi. Garwashi na ɗumi a kusurwa, kaskon turare a tsakiya. Al'ada ɗaya ce, ɗakin ne ba ɗaya ba.

Ba a yi nisa da suna ba Zara ta fara tari. Sai ta rage kama nono. Kellumi ta ce sanyi ne ya shige ta, ta ƙara gawayi, ta ƙara bargo, ta sa aka saki labule. Kuma ku sani, ni da na tsallake harsashi ban taɓa tsallake maganar Kellumi ba. Wasu 'yan mata biyu masu farar riga sun zo gidan suna wa'azin iska da tsabta, kallo ɗaya ta yi musu suka tuna suna da aiki a wata unguwa.

Ranan nan da hantsi farar mota ta tsaya a ƙofar gida. A lokacin Dakta Raliya tana bin gidajen da aka sauke 'yan gudun hijira, tana neman sanin dalilin da ciwon huhu yake ɗibar jarirai a cikinsu. Doguwa, siririya, tabarau a kan hanci. Na raka ta har ƙofar ɗakin mata. Ta ɗaga labule, hayaƙi ya tare ta, ta yi tari har da hawaye. Na ce a raina, ita ma yanzu za ta fara wa'azi a kore ta. Sai ta leƙa ta ce:

"Salamu alaikum. Kai! Wa ya ce Barebari sun gudo hannu wofi? Ashe da sana'arku kuka taho. Kifi kuke bandawa a ciki, ko mutane?"

Kellumi ta ɗago kai daga inda take zaune. "Wace ce wannan marar kunya?"

Na ce, "Likita ce."

"Ban tambaye ka aikinta ba. Dubi wuya kamar muciya. Bafulatana ce ko?"

"Ta cikin Yola ma," in ji Dakta. "An ce mini bayina sun ɓace, ina ta nema, ashe kuna Gwadabawa."

Wallahi tun fitowarmu daga Bama ban ji dariyar Kellumi ba sai ran nan. Ta ce, "To baiwata ce, a bar ta ta shigo. Ki goge ƙafa, kada ki shigo mini da kashin shanu."

Kowa ya san wasan da ke tsakaninmu da Fulani. Abin da wani zai faɗa wa Babarbariya a yi shari'a, Bafulatana za ta faɗa a yi dariya. Wasu likitocin suna shiga gida da allura da takarda. Ita ta san akwai ƙofar da ba a buɗe ta da su.

Ta zauna ta ce, "Miƙo mini 'yar baiwar nan in ga ko za ta iya tatsar mini nono." Kellumi da hannunta ta miƙa. Dakta ta kwance bargo, ta ɗaga 'yar riga. Ina tsaye a bakin ƙofa ina gani. Duk jan numfashi sai ƙasan haƙarƙarin Zara ya lotsa ciki, kamar ana danna shi da yatsa, da sauri, da sauri. Leɓɓan Dakta suka fara motsi, dariyar da ke fuskarta ta tafi. Ta gama, ta sake farawa. Sannan ta ce a hankali:

"Ya Kellumi, mu ajiye wasa. Huhun yarinyar nan ya kamu. Tana bukatar allura da iskar asibiti, yau, yanzu. In ta wuni a nan ba zan yi miki alkawarin gobe ba."

Zuhra ta fashe da kuka. Kellumi ta ce, "Mai jego ba ta fita kafin arba'in. Iska ce ta kama ta, ke kuma ki ce a fitar da ita cikin iska?"

Na ga Dakta ta dubi yarinyar, ta dubi tsohuwar. Ba lokacin dogon bayani. Sai ta miƙe tana karkaɗe zani.

"Shi ke nan. Daman kakata ta gaya mini Barebari matsorata ne, ban yarda ba. An ce kun tako daga Bama zuwa Mubi, daga Mubi zuwa nan, da mai ciki. Ashe ƙarya ake yi muku. Daga nan zuwa bakin mota ya gagare ku."

"Mu?" in ji Kellumi. Ta dafa bango ta tashi. "Mu ne matsorata? Ku da ganin haraji ke sa ku kwashe bukka? Zuhra, ɗauko mayafi. Ke kuma riƙe mini yarinya da kyau, hannunki duk ƙashi."

Absalom ya ce tun da yake tuƙi bai taɓa ɗaukar fasinjan da ke zagin uwar ɗakinsa tun daga Gwadabawa har ƙofar asibiti ba, uwar ɗakin kuma tana ramawa, alhali idonta bai bar ƙirjin jaririya ba.

Asibitin a cike yake da mutanen Michika da Madagali da Mubi, har baranda. Aka sa wa Zara 'yar roba a hanci, aka fara allura. Ni ban shiga ba, ba na shiga asibiti. A gindin wata bishiya na zauna ina jan carbi, duk wanda ya wuce in gaya masa jikata ce a ciki, jinin Bama ce, ba ta mutuwa da tari. Bakina ne kawai yake faɗa. Wajen mako guda muna haka. Wata safiya Zuhra ta fito da gudu, mayafi a hannu, ta ce, "Baba, ta kama nono!"

Da a nan aikin ya tsaya, da na ce likita ce mai kirki, irinta suna da yawa. Amma kafin a sallame su sai ga ta a gidan. Ta zaunar da Kellumi ta ce ƙwayar cuta ce ke kawo ciwon, daga tarin wani zuwa hancin wani, amma hayaƙi a rufaffen ɗaki shi ke raunana ƙirjin jariri ya buɗe wa cutar hanya. In Zara ta dawo ɗakin nan yadda yake, za ta sake komawa asibiti, kuma ba kullum ake dawowa ba. Garwashi ya fita, kasko ya fita, taga ta buɗu.

Kellumi ba ta yi faɗa ba. Da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Cewa ta yi, "An karɓe mini gida. An karɓe mini gari. An karɓe mini ɗa. Yanzu ƙamshin ma in bayar?"

Dakta ba ta yi wasa ba a nan. Ta san inda wasa yake tsayawa. Ta riƙe hannun tsohuwar, sannan ta tashi ta tafi.

Washegari ina zaune a bakin shagon wani, da ɗan faifan turaren da na fara haɗawa, sai ga ta. Ta gaishe ni, ta tsuguna, sai ta kama hannun rigata ta shinshina.

"Ba Aji, rigarka tana ƙamshi tun daga bakin titi, kuma ban ga kasko a aljihunka ba. Yaya aka yi?"

Na ce, "Ke dai Bafulatana ce. Kabbasa mana." Na nuna mata: kwandon nan mai ramuka da ake kifawa a kan kasko, a shimfiɗa tufafi a kai su sha turare.

"A ina ake yi?"

"Ko'ina. Ko a tsakar gida."

Ta yi murmushi ta ce, "Ɗauko ta."

Kabbasata ce, a rubuta wannan. Ni na saƙa ta da hannuna a Jimeta, kuma babu mai saƙa irinta daga nan har Numan. Muka isa gida, Dakta ta kifa ta a kan kasko a tsakar gida, ta ɗauko labule da zanin gado da zannuwan Zuhra ta tula a kai kamar mai shanyar wanki. Da gangan ta yi, na gane daga baya. Kellumi tana kallo daga bakin ƙofa, tana cije baki. Dakta ta ce da ƙarfi, "Yau zan koya wa Barebari turare."

"Ke da warin man shanu? Kauce kafin ki ƙone mini zani!"

Kellumi ta ture ta, ta rage garwashi, ta ɗora zani ɗaya bayan ɗaya, tana juyawa, tana bari hayaƙin ya huce kafin ta ninke. Aka shigar da kayan, aka rataya labule. Ɗakin ya ɗauki ƙamshin Bama, kuma kana ganin fuskar wanda ke ɗaya bangon. Saura taga. Kellumi ta dube ta ta ce ita da hannunta ta toshe, ba za ta cire ba. Sannan ta ce, "Aikin bayi ne. Baiwata ta cire." Dakta Raliya, da digirinta da tabaraunta, ta taka turmi ta hau, ta fizge tsumma da kwali. Haske ya faɗo a kan tabarma. A wannan ɗakin Zara ta yi arba'in, a lulluɓe da kaya masu kauri, kuma ba ta sake kwana a asibiti ba.

Ke ce, Adda Dakta, kika shiga ɗakin da aka kori wasu, kika fito da jikata a hannu. Ke ce kika raba mu da hayaƙi ba ki raba mu da mutuncinmu ba. Raliya 'yar Jibrilla, mai ƙirga numfashin 'ya'yan da ba ta haifa ba.

Kuma ba gidanmu kaɗai ba. Absalom, shi ma ɗan gudun hijira ne daga Michika, ya ce a kwanakin da ake cewa Yola ce za ta biyo bayan Mubi, masu hali suna loda iyali suna kama hanyar Gombe, abokan karatunta na ƙasashen waje sun yi ta bugo mata waya ta taho, ga aiki ga gida. Yana tuƙi yana jin ta tana cewa, "In na taho wa zai ƙirga?" Ta bi sansani, ta bi gidajen da aka sauke baƙi, damina da rani. Ta tara mata irin su Azumi, unguwarzomar layinmu, ta koya musu duban haƙarƙari da ƙirga numfashi, don a san yaron da za a garzaya da shi tun kafin ya galabaita. Azumi ta ce da ta yi kuskuren ƙirga ba a gaban mutane Dakta ta gyara mata ba, sai da suka fito waje.

Duk wannan tana rubutawa, tana aikawa mujallun likitoci. Ni a da na ɗauka rubutun ofis ne, irin wanda ake naɗe ƙosai da shi. Malam Nu'uman ne ya zaunar da ni a rumfa ya buɗe wayarsa. Ya ce takardun bincikenta sun haura arba'in, kusan duk a kan cututtukan numfashi. Ya ce a wajen masu ilmin boko ba yawan rubutu kaɗai ake dubawa ba, ana duba sau nawa wasu masana suka kafa hujja da maganarka suka ambaci sunanka. Ya ce ita an ambace ta fiye da sau dubu, kuma wadda aka fi ambata ita ce ta ciwon huhun jarirai a gidajen 'yan gudun hijira. Yana ta jan yatsa, sunaye suna ta wucewa: wannan daga Sudan, wannan daga Habasha, wannan daga wata ƙasa can gaba da Indiya. Yana ƙoƙarin sauƙaƙa mini, na ce, "Tsaya, Malam. Isnadi kake nufi. An karɓo daga wane, shi kuma daga wane." Ya ce shi ne. Na ce to ai mu mun san wannan tun kafin a haifi jami'arku, kuma mun san ba a karɓa sai daga wanda ba a taɓa kama shi da ƙarya ba.

Ita kuwa ba a kama ta ba, ni shaida ne. Wata rana bayan an yi shekaru, ta zo rumfata ba sayayya ba. Ta ce, "Ba Aji, na zo in wanke turarenka. Da farko na zaci shi ne babban mai laifi. Da na gama ƙirga, gawayin ɗumi da girki a ɗaki da cunkoso sun fi shi nesa. Yana da nasa kason, amma ƙarami ne. Haka na rubuta, ko da yake ba haka na so ya fito ba." Na ce ai ni na sani tun farko, kunyar Bafulatana na ji. Ta ce, "Duk da haka ba a ɗakin jariri ba." Na ce na ji. Malam Nu'uman ya ce da yawa in abin da suka zata bai fito ba sai su yi shiru. Ita ta rubuta, kuma ta tako kasuwa ta gaya wa mai turare.

Abu ɗaya ne ya haɗa ni da ita. Na sa Malam ya duba takardar nan kaf, ko sunana yana ciki. Kabbasa tana ciki, har da hotonta, amma babu Aji, babu Zara. Na tare ta na ce yaya kwando zai shiga Turai mai shi yana Jimeta? Ta yi dariya har ta cire tabarau, sannan ta ce sunan marar lafiya da na iyalinsa amana ne, ba a sa shi a takarda. Na yafe mata. Amma tun da ni ba likita ba ne, na sa sunana a wannan.

Ga abin da ya tayar da ni na nemi a yi rubutun nan. Kwanaki wata yarinya ta zo sayen turaren jego da kabbasa. Na ce in gwada ta, na ce ki cika ɗakin da hayaƙi sosai. Ta zare ido ta ce, "Haba Baba, kai da kake sayarwa? Ba a kunnawa a ɗakin jariri. A waje ake turara kaya a shigar." Na ce wa ya gaya miki? Ta ce, "Ba wanda ya gaya mini. Haka ake yi." Na ce kin san Dakta Raliya? Ta ce wace ce?

Kun ji. A Sudan suna cewa in ji Raliya, a Gwadabawa an ce haka ake yi. Isnadi ya yanke a ƙofar gida. Ranar da ta ajiye aiki kuma, Absalom ya ce abokan aiki ne 'yan kaɗan suka taru, aka sha lemo, aka ɗauki hoto, kowa ya koma bakin aikinsa. Na gaya mata maganar yarinyar nan ina huci, sai ta ce wannan ne ambaton da ya fi mata daɗi. Ita ta yafe. Ni ban yafe ba. Shi ya sa nake gaya muku sunanta.

Watan jiya Zara ta yi saukar Alƙur'ani. Muka yi walima a Gwadabawa, a gidan da na kama da ƙarfina, mai taga biyu a kowane ɗaki. Dakta ta zo, farar motar tana tari a ƙofar gida. Kellumi, gwiwa ta hana ta tashi yanzu amma baki yana nan, ta ce a shimfiɗa wa baiwarta darduma kusa da ita. Aka miƙa wa Zara lasifika, ta ce ba ta so. Muryar jikata ba ta bukatar waya, in ta kira ni daga gida ina ji a kasuwa. Ta ja wata doguwar aya, irin wadda manya ke yanka biyu, ta tafi da ita ba ta tsaya ba. Na waiwaya ɓangaren mata. Dakta ba fuskar Zara take kallo ba, ƙirjinta take kallo, hannunta a kan agogo.

Kellumi ta zungure ta. "Ke, an ce kin yi ritaya. Me kike ƙirgawa kuma?"

Dakta ta cire tabarau tana share ido. Ta ce, "Jira nake ta ja numfashi in fara, Ya Kellumi. Ta ƙi tsayawa."

Adda Dakta, na gode. Kellumi ta gode, ko da yake ta ce kada in rubuta. Zuhra ta gode. Ridwan ba ya nan, na karɓar masa. Allah ya ba ki numfashi mai tsawo, ya sa abin da kika rubuta ya riga ki zuwa inda ake auna aiki.

Ku kuma yaran da ke karatun likita a Sangere da ko'ina, Malam ya ce kowannenku yana so a ambaci sunansa a ƙasashen waje. Ba laifi, ni ma ina so. Amma ku fara yadda ta fara. Ku cire takalmi, ku zauna a tabarma, ku san da wa ake wasa da inda wasa yake tsayawa, in ƙirga ta saɓa wa zatonku ku faɗa. Ku mata, in kun turara zani a tsakar gida kun shigar ɗakin jariri, wata ta tambaye ku daga ina, kada ku ce haka ake yi. Ku ce an karɓo daga Raliya 'yar Jibrilla ta Adarawo. In an nemi shaida, ku turo mini mutum kasuwa. Zan sa Zara ta kira shi tun daga gida.